Minti Goma Kowane Gefe

Zuru,
6 ga Mayu, 1974.

Zuwa ga Kofur Japhet Yari,
Barikin Soja, Makurɗi.

Jikana Japhet,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu, wadda ba ta isa ta hana ni komai ba.

Matarka Alice ta sauka ranar Alhamis, biyu ga wata, da ƙarfe tara da kwata na safe, a nan ɗakina. Namiji ne. Nauyinsa laba bakwai da oza biyu a kan sikelina. Ni na karɓi haihuwar, ni na yanke cibiya da almakashin da na tafasa. Uwa da ɗa suna lafiya. An sa masa suna Philip kamar yadda ka bar wasiyya.

Ka yi daidai da ka bar ta a hannuna. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin ungozoma a asibitin mishan kafin in ajiye, kuma ko da yake ni ƙanwar kakarka ce kawai, tun da ta rasu ban ɗauke ka ɗan wani ba.

Mahaifiyarka Rahmatu ta zo daga Ribah ran Juma'a. Ta so a tatse dakashi a zubar, a ba yaro ruwa kwana uku. Na hana. Nonon farkon nan shi ne abin da jariri ya fi bukata. Ta koma ran Lahadi saboda shuka, ba ta yi mini sallama mai daɗi ba.

Na ɗora yaron a kan tsarin da aka koya mana, wanda na ɗora ɗaruruwan jarirai a kai. Yana shan nono da ƙarfe shida, da goma, da biyu, da shida, da goma. Minti goma kowane gefe, ba ƙari. Tsakanin waɗannan lokuta ba a ba shi, ko ya yi kuka, domin ciki yana bukatar hutu, yaro kuma yana bukatar ya koyi ƙa'ida. Yana ɗan rigima in an sa shi a nono. Zai daina.

Ka riƙa rubuta kwanan wata a takardunka. Ta ƙarshe ba ta da shi.

Kakarka,
Rebecca, ungozoma mai ritaya.

*

Makurɗi,
17 ga Mayu, 1974.

Kaka Sista,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ga kwanan wata na rubuta, a sama, da manyan baƙaƙe, kada a sake tsayar da ni fareti.

Takardarki ta same ni muna dawowa daga atisaye. Na karanta sau uku, na karanta wa duk wanda ya tsaya. Sajanmu ya ce yaron da ke shan nono da agogo ai ya riga ubansa zama soja. Allah ya saka miki, Kaka. Yaya gwiwar? In na zo hutu sai in goya ki zuwa coci, tun da kin ƙi sanda.

Sai dai akwai magana. Inna ta sa Lawwali mai rubuta wasiƙa a kasuwar Ribah ya rubuto mini. Ta ce ta sake zuwa Zuru, tun daga bakin hanya ta ji kukan yaron. Ta ce in an sa shi a nono sai ya kama ya saki, ya banƙare, kamar ana ba shi wuta. Ta ce nonon ne ba shi da kyau. Ni ban san waɗannan abubuwa ba, Kaka, bindiga na sani. Ki gaya mini gaskiyar yadda ake ciki. Alice ba ta rubuto ba, ko layi ɗaya. Ki gaishe ta da jego, ki ce mata ina jira.

Jikanki,
Japhet.

*

Zuru,
28 ga Mayu, 1974.

Japhet,

Ina fatan kana lafiya. Muna nan lafiya, an yi ruwa sau biyu a makon nan. Ba na bukatar goyo, na gode.

Ka ce in gaya maka gaskiya. Ban san lokacin da na taɓa gaya maka wani abu dabam ba. Ga yadda ake ciki, dalla-dalla.

Yaron yana fara kuka wajen awa biyu bayan ya sha. Kafin lokacinsa ya yi, ya riga ya yi ja, jikinsa yana rawa. In an miƙa masa nono sai ya riƙa kaɗa kai yana nema, alhali ga shi a bakinsa. Nonon yakan cika ya yi tauri, bakinsa ba ya iya riƙewa. In ya samu ya kama, ruwan yakan zo masa da ƙarfi, ya ƙware, ya saki, ya banƙare yana ihu. Kafin a lallashe shi minti goman sun kusa cika, sai a juya shi ɗaya gefen. Ba ya zazzaɓi, ba ya gudawa, cibiya ta faɗi ta warke. Na duba bakinsa, ba farin ƙuraje. Jiya nauyinsa laba bakwai da oza ɗaya. Ban ji daɗin wannan ba, amma na ga jarirai masu taurin kai a baya, tsari ne yake gyara su.

Sau biyu na tarar da Alice tana ba shi a ɓoye, ba lokacinsa ba. Na yi mata faɗa, na kuma mayar da gadon yaron ɗakina. Tana yawan kuka, abin da masu jego suka saba.

Mahaifiyarka tana so a yi gwajin da ake yi a ƙauye. A tatsa nono a ƙoƙo, a jefa tururuwa a ciki. In ta fito da rai, nono lafiyayye ne. In ta mutu, a cire yaron daga uwarsa, a kai shi Ribah wurin Fadima, matar ƙanen mahaifinka, wadda take shayar da ɗan wata shida. Tururuwa, Japhet. Ƙwaron da ke nutsewa a cikin ruwan sha. Na gaya mata muddin ina numfashi ba za a yi wannan a gidana ba.

Ka bar wannan magana a hannun wadda ta san ta.

Kakarka,
Rebecca.

*

Makurɗi,
30 ga Mayu, 1974.

Kaka Sista,

Ina gaishe ki. Ni lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Yau kwana goma sha uku da na rubuto miki, ban ji komai ba. Kullum ina zuwa wurin mai raba wasiƙu har ya fara ɓuya in ya gan ni. Jiya wani soja ɗan garin Danko da ya dawo daga hutu ya kawo mini 'yar takarda daga Alice. Layi uku ne. Ta ce yaron yana ramewa, ta ce yana ƙin ta, ta ce ita ma yanzu ta yarda nononta ne yake cutar da shi, in yafe mata.

Na nemi hutu, an hana. Saboda haka na rubuta wa Inna na ba ta izini. In an gama noman farko, ranar Asabar goma sha biyar ga Yuni, ta zo da Fadima, a yi gwajin da ta daɗe tana nema. In ya nuna ba kyau, su tafi da Philip. Alice ta zauna wurinki har ta gama wanka.

Kada ki ga kamar na raina ki, Kaka. Ke kika sa ni makaranta. Amma ɗana ne na fari, kuma ke kin yi shiru.

Jikanki,
Japhet.

*

Zuru,
10 ga Yuni, 1974.

Kofur Japhet,

Takardarka ta talatin ga Mayu ta iso ran Asabar. Muna lafiya.

Ban yi shiru ba. Na amsa maka ranar ashirin da takwas, takardunmu sun yi saɓani a hanya. Da ka ƙara haƙurin 'yan kwanaki da ka gani. Amma ka zaɓi ka yanke hukunci daga nisan ɗaruruwan mil, ka fifita ƙoƙo da tururuwa a kan aikin shekara talatin da ɗaya. Ɗanka ne, ban musa ba.

Ka san abin da izininka yake nufi? In aka ɗauke yaron nan mako biyu, nonon Alice zai ƙafe. Kuma a Ribah ba za a manta ba: duk ɗan da ta sake haifa, kafin ta rungume shi za a ce mai mugun nono ce.

Ba zan rufe wa mahaifiyarka ƙofa ba. Ga abin da zan yi. A garin nan akwai mata fiye da ɗari da na karɓi haihuwarsu, na koya musu tsarin nan, 'ya'yansu suka girma ƙatta-ƙatta, wasu suna nan tare da kai cikin kaki. Gobe zan bi gidajensu. Ran Asabar mahaifiyarka za ta tarar da su zaune a tsakar gidana, su gaya mata da bakinsu.

Nauyin yaron yau laba bakwai da oza biyar.

Rebecca.

*

Zuru,
17 ga Yuni, 1974.

Jikana Japhet,

Ina gaishe ka da fatan alheri. Muna lafiya. Philip yana nan gidana zuwa yau. Wannan takarda za ta yi tsawo, ka karanta ta kai kaɗai, ba a gaban Sajanku ba.

Ran Talata na fita neman shaidu kamar yadda na faɗa maka. Na fara da Obiageli, matar Obiora mai kantin kwanoni a bakin kasuwa. 'Ya'yanta shida, huɗu kafin yaƙin basasa, biyu bayan sun dawo, duka a hannuna suka faɗo. Ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama, sannan ta rufe baki da gefen zanenta. Na ɗauka tari take yi.

Na ce, "Mene ne abin dariya?"

Ta ce, "Sista, ki yi haƙuri. Wane agogo? Ni ko agogo ba ni da shi sai bara."

Na ce, "A asibiti ai kin bi tsari. Ni na rubuta a katinki."

Ta ce, "A asibiti kina tsaye a kanmu kamar ɗan sanda. In kin juya baya, sai mu ja mayafi mu ba su. Akwai mai gadi ma, wadda gadonta ya fi kusa da ƙofa. In ta ji takalminki sai ta yi tari."

Na tashi ban sha ruwan da ta kawo ba. Na ce a raina wannan mace ɗaya ce.

Daga nan na je wurin Maijidda, matar malamin gona, wadda ta yi makaranta har aji bakwai, wadda nakan kafa misali da ita ga sababbin masu jego. Ta durƙusa ta gaishe ni. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Na gwada, Sista, wallahi na gwada. Da ɗan farina, kwana huɗu bayan an sallame mu. Ya riƙa yin yadda kika ce naku yana yi, ya kama ya saki, ya ƙware. Sai kakata ta ce, ke, kin bar yaro ya haukace da yunwa sannan ki ce ya ci da ladabi? Ki ba shi tun yana tsotsar hannu, kafin ya buɗe baki. In ya cika ya yi tauri ki ɗan tatse kafin ki ba shi. Ki bar shi sai ya saki da kansa."

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini, shekara goma sha huɗu?"

Ta ce, "Sista, wa zai gaya miki?"

Gida goma sha ɗaya na shiga tsakanin Talata da Laraba. Ban sami mace ɗaya ba.

Ka san ban yi aure ba, ban haihu ba, kuma ban taɓa ganin wannan a matsayin rashi ba, har yanzu ma ban gani ba. Amma ga abin da ban lissafa ba. Mace takan kwana bakwai a hannuna, a sallame ta. Sai in sake ganinta bayan wata uku da ɗa mai ƙiba, in rubuta a littafi cewa tsari ya yi aiki. Abin da ke faruwa tsakanin kwana na takwas da wata na uku ban taɓa zama na gani ba. Philip shi ne jariri na farko da aka yi wa tsarin nan cikakke, domin shi kaɗai ne ya kwana a gidana, uwarsa kuma ba ta da mai yi mata tari a bakin ƙofa.

Ran Laraba da la'asar na mayar da gadonsa ɗakin uwarsa. Na ce mata ta ba shi duk lokacin da ya nema. Ba ta yarda da ni ba, ta ɗauka gwada ta nake yi. Kwana biyun farko bai daina rigima ba, kusan kowace awa yana kan nono, nonon ma ya riga ya ragu. Ban ce maka abin ya gyaru nan take ba.

Ran Asabar da hantsi mahaifiyarka ta iso da Fadima, da ƙoƙonta, da takardarka a ƙulle a bakin zane. Ta dubi tsakar gida ta ce, "Inna, ina shaidun da anka ce kin tara?" Ashe labari ya kai Ribah.

Alice tana bakin ƙofar ɗaki, ta ƙanƙame yaron. Maƙwabta biyu sun leƙo ta kan danga. Na so in ce mu shiga ciki, sai na ga in an faɗa a ɓoye, a waje sunan Alice ne zai ci gaba da yawo. Saboda haka na tsaya inda nake.

Na ce, "Babu shaidu. Nonon Alice ba shi da aibu. Ni na hana yaron nan abinci mako shida. Laifin nawa ne."

Mahaifiyarka ta karkata kai ta ce, "Inna, kunnena ya tsufa. Mi kinka ce?"

Ta ji sarai. Shekarunta ba su kai hamsin ba. Na maimaita, da ƙarfi, har na kan danga suka ji.

Fadima ta ce, "To, a kawo tururuwar ko a bari?"

Mahaifiyarka ta ce, "In Inna ce cutar, wace tururuwa za ta iya da ita?" Na kan danga suka yi dariya. Na bar su suka gama.

Ba ta janye gaba ɗaya ba, kuma ban ga laifinta ba, domin yaron ya rame, kowa yana gani. Ga sharaɗinta. Ta sallami Fadima, ita za ta zauna mako guda, ta bar gonarta a tsakiyar damina. In ran Asabar mai zuwa yaron bai natsu ba, za ta tafi da shi, ba gwaji ba gardama. Kuma a cikin makon nan, in yana shan nono, ba zan shiga ɗakin ba. Ta ce idona kaɗai ya isa ya tsinke wa mai jego nono.

A gidana, Japhet, wanda na gina da hannuna. Na amince. Na roƙi abu ɗaya, a bar ni in auna shi. Ta ce in auna, ita ma za ta auna da nata hannun.

Yanzu haka ina zaune a rumfa. Suna ciki su uku.

Kakarka,
Rebecca.

*

Zuru,
27 ga Yuni, 1974.

Jikana Japhet,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Muna lafiya. Dawa ta kai gwiwa a gonakin bayan gari.

Takardarka ta iso jiya, shafi uku na ban haƙuri. Ka daina. Ban mutu ba, kuma ba kai ka yi kuskuren ba. Ka ajiye tawadarka ka rubuta wa matarka.

Ran Asabar na auna Philip a gaban mahaifiyarka. Laba bakwai da oza goma sha biyar, wato ya ƙara oza goma tun awon ranar goma ga wata. Ita ba ta dubi sikelin ba. Ta ɗaga shi, ta matsa cinyarsa, ta leƙa maɗigarsa, ta miƙa wa uwarsa, ta ce a nemo mata motar Ribah. Ta tafi ita kaɗai. Har yanzu yana ɗan rigima da yamma, yakan ƙware wani lokaci, sai Alice ta ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa ya koma. Amma yana kamawa, yana riƙewa, yana saki da kansa.

Ban nemi gafarar mahaifiyarka ba. A kan dakashi ni ke da gaskiya, a kan tururuwa ma haka, na kuma gaya mata kafin ta hau mota. Ta ce ta ji.

Alice ce ke bi na bashin magana. Mako shida yarinyar nan tana ganin jikinta guba ne ga ɗanta, ina kallo ina cewa kukan jego ne. Ran Lahadi bayan coci na yi sallama a ƙofarta, na jira sai da ta ce in shigo. Tana shayar da shi. Na tsaya a tsaye, na fara faɗin abin da na shirya, domin na shirya shi tsaf, kashi uku. Ban gama kashi na farko ba ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Kaka, na ji. Ki rage murya, yana sha."

Na rage. Ta matsa mini a bakin gado, na zauna.

Kakarka,
Rebecca.